Keji Na Goma Sha Huɗu

Litinin, 13 ga Mayu, 7:20 na safe

Madam Akuvi, shugabar ɗakin gwajinmu, ta raba mana littattafan aiki bibbiyu. Ɗaya ya ishe ni, shi ya sa na mai da wannan nawa.

Jiya bayan la'asar Ajara ta ce in sauwaƙe mata. Tana kan keken ɗinki ta faɗa, ko ƙafa ba ta tsayar ba. Ta ce shekara bakwai ba haihuwa ta isa, ba ta so in tsufa ba ɗa saboda ita, kuma ta gaji da irin kallon da ake yi mata a gidajen suna. Ta ce a bari Sallah ta wuce ta gama ɗinkin mutane, sannan Kawu Mamadou ya zo a rabu a mutunce, ta koma gidansu a unguwar Bè. Na ce, "To, za mu yi magana." Ta ce, "Ai maganar ke nan muka yi, Dakta."

Ni ba dakta ba ne. Ita ta fara kirana haka don tsokana, Zongo ta ɗauka. A bayan idona kuma likitan ɓeraye ake ce mini, na sani.

Sallah saura kwana talatin da huɗu. Kusan tsawon lokacin da ɓera ke ɗauka ke nan ya ƙera ƙwayar maniyyi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ban san dalilin da ya sa lissafin nan ne ya fara zuwa kaina ba.

Talata, 14 ga Mayu, 1:05 na rana

Kawu Mamadou ya taɓa tambayata takamaiman aikina, na yi ta kame-kame har ya ce in bar shi haka. Bari in gwada a nan, inda ba mai kallon fuskata.

A cikin gwaiwar ɓera akwai siraran bututu a nannaɗe kamar zare. A jikin bangonsu akwai wasu manyan ƙwayoyi da ake kira Sertoli. Su ba sa zama maniyyi har abada. Aikinsu goyo ne. Ƙananan ƙwayoyin da za su zama maniyyi a jikinsu suke maƙale, su ke ciyar da su, su kare su, su tura su gaba har su yi wutsiya su tafi. Kowace ƙwaya kuma tana da kundin gado a tsakiyarta wanda ba ya fita ko nan da ƙofa. In tana son yin wani aiki, sai ta kwafo shafin da take bukata. Kwafin nan shi ne RNA. Mu muna so mu san yawan kwafin da masu goyon nan ke yi, da lokacin da suke ƙarawa ko ragewa.

Muna yi wa ɓera allurar wani ruwa da ke shiga duk sabon RNA. Bayan 'yan awoyi a kashe shi, a cire abin, a daskarar da shi cikin kaki, ni kuma in yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, in shimfiɗa a gilashi. A ƙarƙashin mikroskop, duk inda ake kwafi sai ya yi kore. Ina ƙirga ƙwayoyi ɗari biyu a kowane ɓera.

Shekara tara ina wannan. Mutumin da ya fi kowa sanin abin nan a duk Zongo ni ne, kuma ba abin alfahari ba ne.

Laraba, 15 ga Mayu, 6:40 na safe

Mma, mahaifiyata, ta shigo da sabuwar gora daga wurin wata mai magani ta unguwar Adakpamé. Jiƙon saiwoyi, ja-ja, kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ajara ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya, ta toshe hanci ta shanye. Ina zaune ina ɗaura igiyar takalmi. Na daɗe ina ɗaura ta.

Juma'a, 17 ga Mayu, 11:30 na safe

Fo Kodjo, dattijon da ke kula da ɗakin ɓeraye, ya kira ni in ga keji na goma sha huɗu. Namijin cikinsa baƙi ne, da jirgi ya zo, da takardunsa, Madam ta yi wata shida tana jiransa. 'Ya'yansa muke so don gwaji na gaba. An haɗa shi da mace, sati shida ba ciki, aka cire ta. An kawo ta biyu, haka. Yanzu ta uku ce, ita ma ta kusa cika lokacinta.

Na tambaye shi me za a yi. Ya kalle ni kamar na tambaye shi sunansa. "On change la femelle," in ji shi. A canza macen. Ya ce shekara ashirin da biyu yana aikin nan, haka ya tarar ana yi. Namiji ya zo da jirgi, matan kuwa a nan aka haife su, ga su nan cike da kejuna.

Wadda aka cire ba ta komawa cikin 'yan'uwanta. Akwai akwati mai murfi a bayan ƙofa, da tulun gas. Ni nake sa hannu a katin kafin a kai ta. Na sa hannu sau biyu.

Juma'a, 3:15 na yamma

Bayan masallaci na buɗe lokata ta ajiyar kaya a wurin aiki don ɗaukar safar hannu. Ambulan ɗin yana nan a ƙarƙashin kwalin, inda yake. Ban taɓa shi ba.

Litinin, 20 ga Mayu, 7:00 na safe

Ruwa tun asuba. Layinmu ya zama rafi, mai zemijan ya sauke ni a bakin babban titi ya ce babur ɗinsa ba kwalekwale ba ne.

Laraba, 22 ga Mayu, 5:50 na yamma

Ajara ta gaya wa Mma da kanta. Ban san za ta yi ba. Na dawo na tarar Mma a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, ta ce, "Babana, zo nan." Sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunan ba.

Ta ce yarinyar nan 'yar mutunci ce, ta san ya kamata. Ta ce ita ba ta kore ta ba, Allah shaida, duk inda aka ce akwai magani ta kai ta. Sai ta fara lissafawa: Adakpamé, malamin Sokodé, asibitin da aka yi mata hoton mahaifa ta kwana biyu ba ta iya miƙewa. Mma tana son Ajara, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ba muguwa ko ɗaya a gidan nan da zan ɗora wa.

Ta ce, "Kai ba ka ce komai ba."

Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Ta ce amin. Na shiga ɗaki na cire takalmi.

Alhamis, 23 ga Mayu, 12:40 na rana

Ƙwaya ɗari shida yau. Idona yana ganin kore ko na rufe shi.

Sertoli ba ta ɓuya. A tsakiyarta akwai babban ɗigo ɗaya da ƙanana biyu a gefensa, dama da hagu. Sabon ɗalibi yakan yi sati kafin ya gane ta, ni ko a mafarki.

Madam tana rufe sunan kowane gilashi da tef ta sa lamba, don kada in san na wane ɓera nake dubawa. Ta ce wanda ya san amsar da yake so, idonsa zai nemo masa ita. Ta ce ba rashin yarda ba ne, ko ita haka ake yi mata.

Asabar, 25 ga Mayu, 10:10 na safe

Ba kowa a wurin aiki sai ni da ƙarar firji. Irin wannan Asabar ɗin ce, a watan Afrilun bara. Kujerar nan, mikroskop ɗin nan. Na kulle ƙofa na saka gilashin da ba tef a kansa, don na san na wane ne. Na zagaya shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ce ko fitilar ce. Na dawo Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta. Sannan na tsallaka iyaka zuwa wani asibiti a Gana inda ba wanda ya san ɗan wane ne ni, suka ba ni ambulan.

Yau dai zuwa na yi in duba zafin firji. Yana daidai.

Lahadi, 26 ga Mayu, 4:30 na yamma

Ɗakin ya cika da yadin Sallah. Rabi na yara ne. Ajara tana riƙe da wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannuna biyu ba, tana datse zare da haƙori. Ta ce, "Dakta, riƙe mini nan." Na riƙe. Ta ce hannuna yana warin asibiti. Na ce warin ilimi ne. Ta yi dariya, irin ta da.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai wata mai ɗinki ta yi sallama.

Litinin, 27 ga Mayu, 9:25 na safe

Fo Kodjo ya kawo katin mace ta uku in sa hannu. Na ce ya bar mini ita, ni zan kai ta. Ya ce akpe, wato na gode da yarensu, dama bayansa na ciwo.

Ban kai ta akwatin ba. A keji na shida akwai wani farin namiji ɗan gida, wanda ba ya cikin kowane gwaji, ya haifi 'ya'ya har mun daina ƙirgawa. Na saka ta wurinsa. Tana da huda biyu a kunnen hagu, ba za ta ɓace mini ba. A katin na rubuta kwanan wata kawai.

Wannan saɓa ƙa'ida ne. In Madam ta gani za ta yi faɗa da Faransancin da take ajiyewa don manyan laifuka.

Talata, 28 ga Mayu, 8:05 na safe

Akwai alamar sun sadu. An kai wa na goma sha huɗu mace ta huɗu.

Alhamis, 30 ga Mayu, 2:20 na rana

An ɗauke wuta awa biyar, janareta ya ƙi tashi. Ni da Fo Kodjo muka yi ta jigilar ƙanƙara zuwa firjin da ake ajiye RNA. Abu ne marar jimiri. Ɗumi kaɗan ya lalace, yatsa ya taɓa shi ya lalace, ko magana ka yi a kansa ba takunkumi ya lalace. Madam ta zo a guje, ɗankwalinta a hannu. Mun yi asarar kwalabe goma sha ɗaya, sauran sun tsira.

Na lura na fi awa biyar ban tuna da gida ba. Na ji daɗin hakan, sannan na ji kunyar jin daɗin.

Lahadi, 2 ga Yuni, 5:10 na yamma

Kawu Mamadou ya zo. Ƙanen marigayi babana ne, shi ya karɓar mini auren Ajara. Muka zauna a zaure. Ya ce ba ya son rabuwa, amma tunda yarinya ce ta nema da kanta, kuma dalilinta ba na faɗa ba ne, tauye ta zalunci ne. Ya sa ranar Laraba, kwana uku bayan Sallah, bayan la'asar.

Da zai tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai fa likita ne. Ka tabbata ba abin da ya rage a gwada mata?"

Na ce, "An gwada mata komai, Kawu."

Ba ƙarya a cikin wannan jimlar. Na iya irin waɗannan jimlolin yanzu.

Talata, 4 ga Yuni, 6:35 na safe

Kofi ɗaya da safe. Ta ce tunda Mma ta sha wahalar kawowa, za ta ƙarasa gorar.

Alhamis, 6 ga Yuni, 1:15 na rana

Na auna mai huda biyu. Ta ƙara giram uku.

Juma'a, 7 ga Yuni, 4:45 na yamma

Abin da nake tsoro ba wuya a rubuta shi. Teburin mai shayi na bakin masallaci. Abokan da muka yi makarantar allo tare, waɗanda ke kirana likitan ɓeraye da dariya, da sunan da za su koma kirana da shi. Fuskar Mma, mai ɗa namiji ɗaya tal. Shi ke nan. Na sha auna shi da abin da Ajara ke sha safe da yamma, na san wanda ya fi nauyi, kuma kullum sai in rufe lokar.

Na taɓa gaya wa kaina cewa jira nake in samu lokacin da ya dace. Wata goma sha huɗu ke nan.

Litinin, 10 ga Yuni, 10:50 na safe

Cikinta ya fito, ko makaho ya shafa ya sani. Na ɗauki kejin na kai ofishin Madam, na kira Fo Kodjo, na nuna musu kunnen.

Madam ba ta yi Faransancin da nake jira ba. Ta cire tabarau ta ce, "Mata nawa aka cire wa na goma sha huɗu?" Na ce biyu, wannan ce ta uku. Ta ce, "Wa ya taɓa duba namijin?" Fo Kodjo ya ce ai yana hawa, shi da idonsa ya gani, lafiyayye ne, ga ƙiba, ga sheƙi. Madam ta ce hawa daban, abin da ke ciki daban.

Ta ce a yi masa allurar yau. Ni na riƙe shi. Bai yi gardama ba, ya saba da hannuna.

A bakin famfo Fo Kodjo ya tsaya yana wanke hannu fiye da yadda ya saba. Ya ce, "Sabiru, shekara ashirin da biyu. Ka san mata nawa ke nan?" Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma.

Laraba, 12 ga Yuni, 3:00 na yamma

An daskarar. Gobe yanka. Ragon Mma ya iso daga arewa, an ɗaure shi a jikin bishiyar tsakar gida, yana cin igiyar shanya.

Juma'a, 14 ga Yuni, 3:40 na yamma

Madam ta rufe gilasai takwas da tef, ta cakuɗa na goma sha huɗu a ciki. Ba amfani. Na biyar na saka, na san shi kafin in gama gyara haske.

A lafiyayyen ɓera bututun cike yake, layi bisa layi, wutsiyoyi sun taru a tsakiya. Wannan kuwa fayau. Bango kawai, da rami. Amma a jikin bangon ga Sertoli a jere, kowace da ɗigonta uku, kore shar, har sun fi na wasu lafiyayyun haske. Suna ta kwafi, suna ta shirya abinci, ba su san ba kowa a bayansu ba.

Na ƙirga ɗari biyu kamar yadda aka saba. Na rubuta lambar. Sai da na je alwala na ga ba zan iya fita da wannan fuskar ba, na zauna a bayi har aka kusa tayar da salla.

Madam ta ce sakamako ne mai kyau, za a iya rubuta shi. Ta ce daga yau duk kejin da ya yi sati shida shiru, namijin za a fara dubawa. Fo Kodjo ya rubuta da alli a jikin ƙofa.

Na ɗauko ambulan ɗin. Yana aljihun rigata.

Asabar, 15 ga Yuni, 5:30 na yamma

Azumin Arfa. Keken ɗinki bai tsaya ba tun safe. Ta sauko da manyan akwatunanta biyu daga kan kabad ta goge musu ƙura. Ba ta saka komai a ciki ba tukuna.

Lahadi, 16 ga Yuni, 2:30 na rana

Sallah. Ni na yanka, Kawu ya feɗe. Da ya zo wurin gwaiwar ragon sai ya ɗaga ta sama kamar yadda yake yi duk shekara, ya ce, "Rabon maigida! A gasa wa Dakta, baɗi war haka muna suna." Maƙwabta suka yi dariya. Bana ya faɗa ne kafin ya tuna, sai ya ci gaba da fiɗa. Ajara tana bakin murhu, ta karɓa ta gasa ta kawo mini da yaji a faranti. Na ci.

Litinin, 17 ga Yuni, 8:15 na safe

Ba aiki yau, amma ɓeraye ba su san Sallah ba. Mai huda biyu ta haihu. Tara, jajaye, duk da rai. Ta tattara su a ƙarƙashinta, da na matso ta juya mini baya.

Laraba, 19 ga Yuni, 12:10 na rana

Yau ne. Akwatunan sun cika tun jiya. Na nemi izini in tashi da wuri.

Laraba, 6:50 na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

A ɗakin Mma aka zauna. Kawu a kujera, Mma a bakin gado, Ajara a tabarma kusa da ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Kawu ya yi addu'a, ya yi nasiha, ya yabi haƙurin Ajara. Sannan ya ce, "To, Sabiru, sauran naka."

Na ce, "Kawu, ba daga ita ba ne. Daga ni ne. Ba ni da ƙwayar haihuwa, ko ɗaya. Na duba da kaina sau uku, asibiti ma sun duba." Na ajiye ambulan ɗin a gabansa. Ban yi zaton jimlar gajeriya ce haka ba.

Kawu bai taɓa shi ba. Mma ta ce, "Babana, rufe bakinka." Ta tashi ta saki labule, ta leƙa tsakar gida, ta dawo. Ta ce asibiti suna kuskure. Ta ce a danginmu ba a taɓa yi ba. Ta ce maganar nan kada ta fita ɗakin nan. Sai ta dubi Ajara, ta zauna ta rufe fuska da gefen zane.

Ajara ce ta miƙa hannu ta ɗauki ambulan ɗin. Ta yi makaranta har aji na ƙarshe, Turancinta ya fi nawa. Ba ta tsaya kan sakamakon ba, saman takardar ta duba, inda ake sa kwanan wata.

Ta ce, "Afrilun bara."

Na ce eh.

Ta ce, "Kafin hoton mahaifa."

Na ce eh.

Ta ce, "Kai ka kai ni. Kai ka riƙe mini jaka a bakin ƙofa."

Kawu ya ce, "Ajaratu, yi haƙuri, 'yata, namiji ne, abin da nauyi." Ta ce, "Na sani, Kawu." Ba ta ɗaga murya ba har aka gama. Ta juyo gare ni, ta janye mayafin daga goshi, ta ce, "Da ka gaya mini a ranar, Sabiru, wallahi da ni zan rufa maka asiri. Da ba mai ji har mu mutu. Da na sha maganin Mma ina dariya, in ce wa kowa ni ce. Ba ka ma tambaye ni ba."

Ba ta taɓa kiran sunana a gaban manya ba sai yau.

Kawu ya tambaye ta ko har yanzu tana kan bakanta. Ta ce dalilin da ta kawo ya faɗi, ba ta neman saki a kansa. Ta ce amma za ta je Bè, kuma kada kowa ya bi ta da biko sai ta aiko. Kawu ya ce hakkinta ne.

Ta ɗauki ƙaramar jaka. Manyan akwatunan suna nan, da keken. Na ce in raka ta bakin titi, ta ce ta san hanya.

Alhamis, 20 ga Yuni, 1:30 na rana

Ƙwaya ɗari huɗu. 'Ya'yan mai huda biyu sun fara yin duhu a baya, gashi na tafe. Fo Kodjo ya tambaye ni ko lafiya, na ce cin nama ne.

Mma ba ta fito tsakar gida ba tun jiya. Na gaishe ta daga bakin labule, ta amsa.

Asabar, 22 ga Yuni, 5:40 na yamma

Ba saƙo. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, na ce Ajara ta je ganin gida. Ta ce sai yaushe. Na ce ban sani ba, kuma wannan karon iyakar gaskiyar ke nan.

Lahadi, 23 ga Yuni, 6:45 na safe

Ina share ɗaki na tarar da gorar Adakpamé a bayan keken ɗinki, saura kamar kofi uku. Kofinta yana kife a kai. Na zuba ɗaya na sha.

Ban kai rabi ba cikina ya juya, na fita da gudu zuwa bakin rariya. Har yanzu harshena kamar an goga masa toka, idona na ruwa. Mma ta ɗaga labule ta gan ni durƙushe da kofin a hannu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ita ba ta taɓa zubar da ko ɗigo ba."

Na koma ciki na ƙarasa kofin.